Kyamarar Waya a Bakin Murhu: Riba, Ruɗi da Haƙƙin Mai Kallo

A al'adar Bahaushe abinci ba ya fita daga gida a buɗe. Ko gidan maƙwabta za a kai, sai an rufe kwano da murfinsa ko da faifai, a ɗora wa yaro, a ja masa kunne kada ya tsaya wasa a hanya. Magidanci ba ya ba majalisa labarin abin da aka girka a gidansa, babban mutum kuma ba ya cin abu a tafe. Abin da ke cikin tukunya sirrin gida ne, don da shi ake gane samu da rashi. A 'yan shekarun nan abin ya juya. Uwargida a Kano ko Zariya ko Maraɗi kan sauke girki, ta zaɓi farantin da ya fi kyau ta zuba, ta ɗaga waya ta ɗauka, kafin maigida ya wanke hannu dangi da ƙawaye na nesa sun riga sun gani.

Masu suka na cewa fariya ce, masu yi na cewa sana'a ce ko sha'awa. Kowane ɓangare da tasa gaskiyar. Sai dai muhawarar takan tsaya a kan halin mai ɗaukar hoton, a manta da na'urar da ke hannunta. Wayar nan tana da irin abincin da take yi wa gata da wanda ba ta yi wa adalci, takan kuma kai hoto ƙofar da mai girkin ba ta yi niyya ba. Wanda zai auna ribar wannan sabuwar ɗabi'a da asararta, sai ya san yadda na'urar take aiki tukuna.

Yadda kyamara ta shigo kicin

Waɗanda suka yi wayo kafin shekarar 2000 za su tuna cewa hoto abu ne na ranar suna da biki da Sallah. Mai hoto ya zo da kyamararsa, fim ɗinsa bai wuce ɗauka 36 ba, a jira kwanaki kafin a wanko, a biya kuɗin kowane kati. Babu mai ɓarnatar da fim a kan malmalar tuwo. Kyamarar da ba ta buƙatar fim, wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa ta tun 1975, amma ta daɗe ba ta zama kayan kowa da kowa ba. A 2000 kamfanin Sharp ya fito da waya mai kyamara a Japan, a 2001 layukan GSM suka fara aiki a Najeriya, iPhone ta fito a 2007, Instagram kuma a 2010.

Abubuwa biyu ne suka kai kyamara har bakin murhun talaka a ƙasar Hausa. Na farko wayoyin kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wato Tecno da itel da Infinix, waɗanda aka ƙera domin kasuwar Afirka: layi biyu, batir mai riƙe caji, farashin da ɗan tireda zai iya, da kyamarar da aka daidaita don ta fitar da fuskar baƙar fata sosai. Wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai gan su jibge, sababbi da na hannu. Na biyu shi ne sitatus na WhatsApp da aka ƙaddamar a Fabrairun 2017, inda hoto ke yin awa 24 ya ɓace. Matar da ba za ta taɓa buɗe shafi a Instagram ba, saboda kunya ko don maigida bai yarda ba, tana iya sa hoto a sitatus, tunda waɗanda suke da lambar juna da ita kaɗai ke gani. Tun daga nan ɗaukar hoto ya daina cin ko kwabo, sai ɗan datan turawa.

Sabuwar 'yar talla

Sana'ar abinci a cikin gida ta girmi waya nesa ba kusa ba. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta bayyana cewa akwai kasuwa sukutum a ɓoye cikin gidaje, inda matan aure ke saye da sayarwa ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Enid Schildkrout ta yi nata nazarin a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa da yara wannan kasuwa take tafiya: su ke ɗaukar talla, su ke karɓo kuɗi, su ke kawo labarin farashi.

Yau waya ta karɓi rabin aikin 'yar talla. Da hantsi a sa hoton dambu da zogale, ko sinasir da miyar taushe, ko robobin zoɓo da kunun aya a jere. Sai saƙonni su fara shigowa: "Hajiya, nawa ne roba?" "Anti, a ajiye min biyu, yanzu zan turo." Alat ya shigo, a ba ɗan aike ya kai. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ya sa mutane da yawa buɗe asusu a OPay da Moniepoint da ire-irensu, abin da ya ƙara wa wannan ciniki sauƙi. Da azumi da lokacin bukukuwa kasuwar ta fi ci, don alkaki da dubulan da nakiya da cincin na gara duk da hoto ake ba da odarsu yanzu.

Ribar a fili take. A Kano, mai girki a unguwar Kurna na iya samun ciniki a Hotoro, 'yarta kuma tana aji maimakon bakin tasha. Amma kada a zuzuta. Ƙosai da ɗanwake da awara na 'yan canji har gobe a kan yara suke yawo, domin mai sayensu ba a waya yake nema ba. Kasuwar waya ta masu ɗan hali ce, kuma tana da nata haraji. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, mai sana'a kuwa ba ta isa ta rufe data ba, don in ba ta amsa saƙo cikin minti biyar ba ciniki ya tafi gidan wata.

Akwai kuma babban bambanci ɗaya. In yarinya ta sauke tire, mai saye na gani da idonsa, ya ji ƙamshi, ya taɓa ya ji ɗumi, ya yi ciniki, har a yi masa gyara. A waya sai ya biya sannan ya ga zahiri. Hoton ya zama alkawari ke nan, kyan alkawari kuwa cikawa.

Abincin da kyamara ke so

Abin da ke fitowa a fuskar waya ya sha gyara tun kafin mai wayar ta taɓa komai. Ƙwayar da ke karɓar haske a ciki ƙarama ce ƙwarai, faɗinta 'yan milimitoci ne. Don cike wannan giɓi, da an danna sai wayar ta ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, wasu masu haske wasu masu duhu, manhaja ta haɗe su, ta goge dishi-dishi, ta kaifafa gefuna, ta ƙara wa launi ƙarfi. Wayoyi da dama na gane cewa abinci ne a gabansu, su ƙara ja da ruwan ɗorawa da kansu, na Samsung ma har da yanayi na musamman domin abinci. Megafiksel 50 ko 108 da ke rubuce a kwali shi mai shago ke fara faɗa wa mai saye, alhali wayar kan dunƙule ɗigo huɗu ko tara su zama ɗaya, hoton ya fito wajen megafiksel 12.

Wannan gyara na amfanar abinci mai ja da sheƙi da tsayi. Dafa-dukar shinkafa ja ce, a warware take, a yanka mata kabeji da karas da ƙwai ta fito ras. Haka kek da samosa da soyayyar kaza, haka tsire da kilishi. Miyar kuka fa? Launinta tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, a kwance take cikin kwano ba siffa, daɗinta na cikin daddawa da man shanu da yauƙi, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da kyamara ke kamawa. Busasshiyar kuɓewa da karkashi da fate da tuwon dawa duk layinsu ɗaya. Da wuya a ce injiniyoyin Shenzhen ko Seoul da kwanon miyar karkashi suka gwada manhajarsu.

Abin da hoto ya karɓa shi ake yawan sakawa, abin da ake yawan gani kuma shi budurwa mai shirin aure take ɗauka iya girki. Duba ajujuwan koyon girki da ake buɗewa a WhatsApp ana biyan kuɗin shiga: darasin kek da shawarma da kalolin lemo sun cika jerin, tuƙin tuwo mara gudaji kuwa sai an tona. Aron girki ba aibu ba ne. Gurasa da alkaki ma ta hannun Larabawa 'yan kasuwa suka shigo, yau sun zama 'yan gida. Abin dubawa shi ne a da harshe ke yanke hukuncin abin da zai zauna, yanzu kuwa na'ura ce ke tantancewa kafin abin ya iso harshe.

Wannan ba ya nufin ido ba shi da rabo a cin abinci. Farfesa Charles Spence na Jami'ar Oxford ya shafe shekaru yana nazarin yadda gani da ji ke sauya ɗanɗano. A wani gwaji da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, an ba mutane kayan zaƙi iri ɗaya, waɗanda suka ci a farin faranti suka ce ya fi zaƙi a kan na baƙin faranti. Kakanninmu sun san haka ba tare da ɗakin gwaji ba. Farin tuwo cikin baƙin akushi, man shanu na narkewa a tsakiyar miya, fura cikin ƙwarya mai zane da ludayi a gefe, faifai mai launi a kai, duk kwalliyar abinci ce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Haske ya fi tsadar waya

Gyaran da abincinmu ke buƙata a hoto yawancinsa kyauta ne. Babban abokin gabarsa shi ne kicin mai duhu da ƙwan lantarki ɗaya a sama, ga kuma fitilar kyamara da ke bugun mai ta mayar da miya kamar roba. A kashe fitilar, a ɗauki kwanon zuwa bakin taga ko inuwar baranda, da safe ko bayan la'asar, hasken ya zo ta gefe. Ranar tsaka tana ƙona farin tuwo ta bar inuwa baƙa ƙirin. In ɓangare ɗaya ya yi duhu, farin kwali ko farin ɗankwali a wannan gefen zai mayar da haske. Ƙwan da ke ba da haske ja-ja yana wajen Kelbin 2700 ne, hasken rana kuwa wajen 5500, in suka haɗu a hoto ɗaya sai wayar ta rikice, launin miya ya fito ba nan ba can. Haske iri ɗaya ake so.

A goge gilashin kyamara kafin a ɗauka, domin tiririn mai da hannun da ya taɓa manja su ne sanadin yawancin hotunan da ke fitowa da hazo. A matso da jiki maimakon jawo hoto da yatsu. Abin da ke kwance, irin su waina da sinasir da kilishi, daga sama ya fi kyau. Tuwo da miya a ɗan karkata, yadda mai zaune a tabarma yake ganinsu. Kofin fura ko kunu daga gefe. A cire malmala daga leda, a gyara ta da mara. Kwanon silba na ƙyalli ya nuna mai ɗauka da rufin ɗaki, akushi da kasko da ƙwarya kuwa suna shanye haske su bar abincin ya fito. Tiriri ba ya bayyana sai bayan kwanon da duhu, haske kuma na zuwa ta baya. Miya mai yauƙi ɗan gajeren bidiyo ya fi yi mata adalci, a ga loma ta shiga ta fito.

Wanda ya san wannan zai rage kashe kuɗi a banza. Fitilar zobe da sandar riƙe waya da allon jingina kwano sun zama kayan kicin ɗin amarya, kusa da injin markaɗe na lantarki da na'urar suya da iska mai zafi, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010. Wasu na da amfani, musamman ga mai sana'ar da ke gama aiki da dare. Amma na'urar suyar nan kan ja wuta sama da wat 1,000, ƙaramin inbata ba ya ɗaukarta, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Kafin a saya, a tambayi kai sau nawa za a kunna ta a wata, da wace wutar kuma.

Tsakanin kwalliya da ha'inci

Yaudara da hoton abinci ta daɗe. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhumi kamfanin miyar gwangwani na Campbell's, saboda a tallansa an zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwano don kayan miyar su taso sama a ga kamar suna da yawa. Irin wannan dabara yau tana hannun kowa. A tara nama a saman robar da za a ɗauka, ta mai saye kuma yanka biyu. A sa filta har zoɓon da aka tsinka da ruwa ya yi jajir. Mafi muni, a kwafo hoton wata mai girki a Legas ko Dubai a ce "aikinmu ne", ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana kek ɗin da ba a taɓa gasawa ba.

Ma'aunin a wajen Musulmi sananne ne. Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani game da algus. Goge bakin faranti da neman haske mai kyau tsafta ce da iya talla. Nuna yawa ko launi ko kayan haɗin da mai saye ba zai samu ba, algus ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana tallan da ke ɓatar da mai saye. Shi ma mai saye yana da abin yi: ya nemi ɗan bidiyon girkin ranar, ya fara da oda ƙarama, in ya yi shakka ya bincika hoton da Google Lens ya ga ko na aro ne.

Wanda ke kallo da yunwa

Hoton mai sana'a uzurinsa a bayyane yake. Na gida shi ne ke buƙatar tunani. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Cikin masu kallon sitatus akwai ƙanwar miji da ba ta ɗora tukunya ba, akwai maƙwabciyar da 'ya'yanta suka kwana da gari da ƙuli. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarri ya yawaita ruwan romo in ya dafa, don maƙwabta su samu. Bahaushe kuma ko baƙo ne ya tarar da shi yana ci sai ya ce masa bismillah. Hoto na nuna abinci ba tare da tayi ba, wannan shi ne sabon abu a tarbiyyarmu. Ya fi zafi da azumi, lokacin da teburin buɗa-baki ke yawo a waya tun kafin a kira magariba.

Tsofaffi kan yi maganar kambun baka, wasu matasa su yi dariya. Ko an ajiye wannan gefe, gasa tsakanin kishiyoyi da facaloli da amaren shekara ɗaya gaskiya ce, kuma cefanen maigida ne ke biyan kuɗinta. Hoto kuma yakan faɗi abin da ba a tambaye shi ba: kayan ɗaki, fuskar yara, kalar ƙofar gida. Maganin ba sai an daina ɗauka ba. WhatsApp ya ba da damar zaɓar masu ganin sitatus, ana iya tura wa Mama da Yaya kaɗai, ana iya ɗauka a ajiye. 

Aikin da ya fi dacewa da ita

Akwai aikin da kyamarar waya ta fi kowa iyawa, kuma shi aka fi sakaci da shi. Girkin Hausa a hannu yake da baki, ba a rubuce ba. Tsohuwa ba ta auna kanwa da cokali, tana duban kalar ruwan ne ta ce ya isa. Shirye-shirye irin su Akushi Da Rufi na tashar Arewa24 sun taimaka, amma gidan talabijin ba zai shiga kowane gida ba, waya kuwa ta riga ta shiga. Yadda ake dafa kalwa a tsare ta har ta zama daddawa, yadda kullun waina yake in ya tashi, yadda ake murza burabusko, bambancin dambun Damagaram da na Kano, yadda ake kirɓa fura a turmi, duk jika mai waya na iya ɗaukarsu a yini ɗaya in ta zauna kusa da kakarta.

Irin wannan ɗauka ba ta buƙatar filta, tana buƙatar bayani: sunan abincin yadda ake faɗinsa a garin, wace ce ta girka, da wane hatsi, mudu nawa, awa nawa aka jiƙa. Ba a sitatus za a bar ta ba, inda za ta ɓace gobe, kuma ba a cikin waya kaɗai ba, wadda ka iya faɗawa ruwa ko hannun ɓarawo. A tura wa 'yan'uwa, a ajiye kwafi a wani wurin. Masu wannan ilimi tsufa suke yi, yawancinsu kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu yadda suke yi. Duk gidan da ke da tsohuwa mai iya girki da yarinya mai waya, aikin nan nasu ne, kuma bana ya fi baɗi.